Tabon Kumatuna Ba na Man Ƙuli-ƙuli Ba Ne

Matamaye

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ke 'yar nan, ina gaishe ki da kyau. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, jirgin da ya ɗauke ki ya ajiye ki ƙasa ba ciwon kai ba tashin zuciya. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya haɗa ki da mutanen kirki a birnin Wahran na ƙasar Larabawa, ya raba ki da mugun ji da mugun gani.

Na san yadda kika tsinci takardar. Kin buɗe akwati, kin ɗaga kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, kin lalubo can ƙasa inda kika ɓoye shuɗin kallabinki, kin warware shi kina waige-waige, sai ga kwalbarki da rubutuna naɗe a jikinta. E, na gani. Ina cusa miki ƙullin yaji hannuna ya taɓa ta. Man bilicin ne, irin wanda ake shigowa da shi ta iyakar Ɗan Barto, mai hoton wata mace fara sol tana murmushi kamar an yi mata albishir. Abin da ke ciki ya tafi masai. Kwalbar kuwa na wanke ta da toka da ruwan zafi har sau uku, na cika miki ita da man kaɗe. In fushi za ki yi, bismilla, kafin ya tsallako hamada ya iso ni ya huce.

Kin san ban taɓa zaunar da ke na yi miki doguwar magana ba. Ke ce 'yar fari, bakina ba ya buɗuwa a gabanki, haka muka tarar ana yi. Shi ya sa na ɗauko biro. Kada ki yi wa rubutuna dariya don kin ci bak, jarrabawar gama sakandare, kin samu gurbin karatun haɗa magunguna a ƙasar waje. A aji shida na tsaya a lakwal, kuma hannun da ya shekara da shekaru yana murza gyaɗa ba ya bin layi.

Kina ƙarama kin sha tambayata tabon da ke kumatuna na hagu, ina ce miki mai ne ya fantsamo mini ina suyar ƙuli-ƙuli. Ƙarya na yi miki. A garin nan da kika sauka na samo shi, kuma daga cikin kwalba irin taki ya fito. Sai na faro miki daga farko za ki gane yadda mace mai hankalinta ta kai ga haka.

Kina da shekara huɗu mahaifinki ya rasu. Daminar kuma ta yi gardama, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Matan ƙauyukanmu suna ta ɗaure kaya suna yin arewa, sai na kai ki ƙauyen Tsauni wurin Kaka, ke da ƙannenki, na bi su. Damagaram, Agadas, Arlit, sai rairayin da ba ya ƙarewa. Yawancin mata sun tsaya a Tamanrasat. Ni da Laure, wata 'yar Icirnawa da muka saba a bayan mota, muka zarce har bakin teku, don an ce a Wahran ana samun aikin gida. Ke ta sama kika shiga garin da fasfo a hannu, ni ta ƙasa na shige shi da ƙura har cikin kunne.

Kuskurena na farko ranar da muka isa na yi shi, ko ruwan garin ban sha ba. Muna tasha da hantsi, Laure ta tafi neman burodi, ni ina zaune a kan jakata. Duk wanda ya gifta sai in gaishe shi, don ban san yadda ake kallon mutum a ƙyale shi ba. Ko ɗaya bai amsa ba. Wasu su kauce, wasu su dube ni daga sama har ƙasa. Ina cikin wannan kaɗaici sai na ji an ce a kaina, "Sannu da hanya, Yaya. Mutanen ina ne?"

Na ɗaga kai, sai ga mutum baƙi kamar ni, da Hausarsa tas. Wallahi saura kaɗan in yi kuka. Na ce Matamaye. Ya ce, "Kai, garin rake! Ai na sha raken fadamarku har haƙorana suka gaji. Ya mutanen gida? Ya aka ji da daminar nan?" Ya zauna muka yi ta gaisawa kamar uwa ɗaya ta haife mu. Da na so kewayawa in yi alwala, sai na yi abin da kowace mace take yi a kasuwarmu, na tura masa jakar na ce, "Ga ajiya, yanzu zan dawo." Ya ce, "Je ki abinki, Yaya, ai gida ne." Na dawo ban tarar da shi ba, ban tarar da jaka ba. A ciki akwai katina na ɗan ƙasa, da takardar haihuwata, da zannuwa biyu, da hotonki guda ɗaya tak da nake da shi. Hoton ya fi komai ci mini rai.

To ki ji. A can za ki yi kewar Hausa har ki ji kamar ƙishirwa, kuma ɓarawon da ke farautar irinmu ya san da haka. A tasha yake zama yana jiran fuskar da ta gaji. In kin haɗu da namu, ki gaishe shi da fara'a, ki tambaye shi gida, amma jakarki tana rataye a kafaɗarki kuna gaisawar. Baƙar fata ba shaidar amana ba ce, kamar yadda fara ba shaidar mugunta ba ce. Takardunki na ainihi ki kulle su a ɗaki, ki riƙa yawo da kwafi da katin jami'a, ki kuma ɗauki hoton kowacce a waya ki turo wa ƙaninki. Kalmar nan ta "ga ajiya" ki bar ta a kasuwar Matamaye, za ki tarar da ita in kin dawo.

Bayan kwanaki na samu aiki a wani gida, hawa na uku, ina shara da wanki da wanke-wanke. Daga inda muke kwana zuwa can tafiya ce mai ɗan nisa, ta babban titi mai shaguna. A titin nan na koyi kalmar Larabci ta farko, kahlusha, wato baƙar nan. Daga baranda ake jefo ta, daga cikin mota, wani lokaci daga bakin mace mai hijabi har ƙasa wadda na yi zaton za mu yi sahu ɗaya a masallaci. In na shiga bas, kujerar da ke kusa da ni ita ce ta ƙarshen cika. Abin da ya fi ba ni haushi, in na matso kusa da mace sai ta ƙanƙame jakarta. Ni da aka yi wa sata, ni ake riƙe wa jaka!

Nan na yi kuskure na biyu. Na ce tunda idanu ne ke damuna, bari in bi inda babu idanu. Na gano wani lungu a bayan shagunan, dogo, shiru, ba kowa sai kyanwoyi da kwandunan shara. Na riƙa bin sa ina raɓe da bango, kaina a ƙasa, ina sauri kamar wadda ta ɗauko abin wani. Har ina yaba wa kaina dabara.

Wata Juma'a da tsakar rana, maza duk suna masallaci, na shigo tsakiyar lungun sai ga samari biyu a kan babur sun tare gabana. Ɗaya ya zaro wuƙa. Suka karɓi 'yar wayar da na samu da ƙyar, wadda nake jin muryarki da ita in Kaka ta kai ki wurin mai shago, suka fizge 'yan kunnen da na yi aure da su. Na yi ihu har muryata ta dushe. Wa zai ji? Ai ni na zaɓi wurin da ba kowa. Kuma ban iya zuwa wurin 'yan sanda ba, don mace marar takarda in ta kai ƙara ita ake fara tambaya.

Ki riƙe wannan da kyau. Zagi a babban titi yana da ciwo, amma ban taɓa ganin ya fitar da jini ba. Ki bi inda mutane suke ko da rabinsu suna harararki. Ki ɗaga kai, ki yi tafiyar wadda ta san inda za ta, ko da kin ɓace. In kin ɓace ɗin, ki shiga shago ki tambayi mace ko dattijo, kada ki tsaya a bakin hanya kina latsa waya kina juye-juye. Mugu yana karanta tafiyar mutum kafin ya karanta launinsa, kuma mai raɓe-raɓe yake so, don ya san ba ta da wanda zai tambayi bayanta. Kada ki shiga taksi marar lamba, wanda kika shiga kuma ki tura lambarsa ga abokiyar ɗakinki direban yana ji. Ki zaɓi mai burodi ɗaya da mai kayan miya ɗaya a unguwarku, kullum a wurinsu za ki saya, kullum ki gaishe su, har su san fuskarki su san lokacin wucewarki. Ranar da wani ya biyo ki, shagonsu za ki faɗa. In kuma aka zaro miki wuƙa, ki miƙa wayar. Ana sayar da waya a kowace kasuwa, ke kuwa guda ɗaya na haifa irinki. Daga nan ki wuce kai tsaye wurin 'yan sanda ki kai ƙara, ke kina da takarda, gwamnati biyu sun san da zamanki.

Yanzu na zo kan tabon.

A gidan da nake aiki ba a dukana, ba a hana ni abinci. Amma akwai wani kofin roba ja, an ajiye shi a ƙasa kusa da tsintsiya da ruwan wankin ban-ɗaki. Nawa ne. Tambulan na gilashi suna sama a jere, ni ke wanke su ni ke goge su har su yi ƙyalli, amma ban isa in kai ɗaya bakina ba. Uwar gidan ba ta taɓa tambayar sunana ba. In tana nemana sai ta tafa hannu.

Na riƙa haɗa abubuwan nan a raina, kofin da kujerar bas da wuƙar lungu, sai lissafina ya ba ni cewa duk laifin fatar nan ne. Na ce da na ɗan yi haske da an ɗauke ni 'yar kudancin ƙasarsu, da ba a tare ni ba, da an bar ni na sha ruwa kamar mutum. Na faɗa wa Laure. Ta ce, "Ke Habsu, sai yau kika farga? Dube ni nan, ba ki ga na fara washewa ba? Mai kala uku ake haɗawa, a ɗiga wani ruwa a ciki. Wata guda ko Kaka ba za ta shaida ki ba." Ba mugunta ta yi mini ba, Allah ya sani, abin da take shafa wa tata fuskar ta ba ni.

Na shafa safe da yamma. Fuska ta fara ja, wuya ya bi, gaɓoɓin yatsu kuma suka ƙi, suka tsaya baƙi ƙirin suna tona mini asiri. Na zama kala biyu kamar akuyar Kaka. Kin san abin da ya canja? Babu. Kofin roba yana nan kusa da tsintsiya. Kahlusha tana nan tana faɗowa daga baranda, har ma aka ƙara da dariya. Maimakon in gane, sai na ce ƙarfin man ne bai isa ba, na ninka ruwan da ake ɗigawa. Kwana uku kumatuna ya kumbura, ya yi ƙuna kamar an ɗora garwashi, fatar ta saɓule tana ruwa. Uwar gidan ta dube ni daga bakin ƙofa ta ce in tafi sai na warke, kada in shafa wa 'ya'yanta.

Na rufe fuska da mayafi na fita babban titin nan da nake gudu, don ciwo ya kori kunya. Kusa da wani gidan burodi akwai farmasi mai koren tambari. Na shiga ina jiran a kore ni. Mai wurin wata Balarabiya ce gajera mai tabarau da farar riga, ana ce mata Madam Zuhra. Ta ce in buɗe. Na buɗe. Ta ce in nuna mata abin da na shafa. Na fito da kwalbar. Ta shinshina, ta jefa ta kwandon shara da ƙarfin da sai da kwandon ya faɗi, sannan ta hau ni da faɗa da Faransanci, irin faɗan da rabona da shi tun ina lakwal.

"Wa ya ce miki fatarki ciwo ce da za ki nema mata magani? Ni na yi shekaru ina karatun magani, ban ga wannan cuta a littafi ba. Masu cutar suna waje suna yawo, ke kin zo kin ƙone fuskarki a madadinsu!"

Ta zaunar da ni a kujerarta, ta wanke ciwon da hannunta, ba ta yamutsa fuska ba. Da ta gama sai ta ɗauko tambulan ɗin da take shan ruwa da shi, ta cika ta miƙo mini. Na tsaya ina dube-dube ko akwai wani na roba a ƙasa. Ta ce, "Sha mana. Yaya sunanki?" Wata bakwai ina garin, ita ce mutum ta farko cikinsu da ta tambaya. Na sha ruwan ina kuka, hawaye yana shiga ciwon yana ƙara mini zafi.

Da na warke na koma gidan can sau ɗaya. Na shiga kicin, uwar gidan tana tsaye, na miƙa hannu sama na ɗauko tambulan mafi kyau, na tara a famfo na shanye a gabanta. Na wanke shi, na goge, na mayar inda yake, don ni ba ƙazama ba ce. Na ce mata sunana Habsu, kuma na bar aiki. Bakinta a buɗe na baro ta. Na sauko benen nan hawa uku ƙafata ko taɓa ƙasa ba ta yi don daɗi.

Madam Zuhra ta ɗauke ni shara da goge kantoci. Fatata ta dawo baƙarta a hankali, sai wurin nan ɗaya da ya ƙi. Na koyi Larabcin titi a bakin masu sayen magani. Mai burodin da ke kusa, wani tsoho mai furfura, ya saba da ni har in na makara sai ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Wata safiya farmasi ya cika, layi har waje, Madam ta miƙo mini ledar maganin wani mutum mai kwat ta ce in ba shi. Ya janye hannu ya ce kada kahlushar nan ta taɓa masa magani. Da a da ne, da na sunkuyar da kai na koma bayan kanta. Ranar sai na ji wuyana ya miƙe da kansa. Na dube shi cikin ido na ce da gurɓataccen Larabcina, "Sunana Habsu. Alƙiblar da kake kallo ita nake kallo. Hannun nan kuma ya fi bakinka tsabta."

Sai wata tsohuwa a layi ta fashe da dariya, wasu suka bi ta. Mai burodi ya shigo da garin fulawa a hannunsa yana tambayar wa ya taɓa 'yarsa. Madam Zuhra ta karɓi ledar daga hannuna, ta zazzage maganin ta mayar kan kantar shagon ɗaya bayan ɗaya ba ta ko gaggawa, ta ce wa mutumin akwai wani farmasi a bayan masallaci. Ya fita kunnuwansa sun yi ja. Ke 'yar nan, an yi mini guɗa ranar aurena, amma daɗin dariyar tsohuwar nan ya fi.

Sai dai ki lura da inda na yi maganar. Da rana ne, cikin mutane, a wurin da aka san ni. In wani ya zage ki a inda ba ki da kowa, ki wuce abinki, ba tsoro ba ne, hankali ne. In a aji ne, ko a ofis, ko a shago, ki tsaya ki faɗi sunanki da murya a kwance, ki nemi shugaban wurin, ki rubuta abin da ya faru. Kuma kada ki yi abin da na kusa yi, in ɗaure garin gaba ɗaya a ƙulli ɗaya in ce duk haka suke. Wanda ya sace jakata launina ne, wadda ta wanke mini ciwo launinsu ce, masu wuƙa da masu baranda ma nasu ne. Kowa ki auna shi da abin da hannunsa ya yi. Mu ma nan ba wankakku ba ne, kin sha jin abin da ake faɗa a kan baƙi a bakin kasuwarmu, ni ma na taɓa tayawa kafin tafiya ta koya mini.

Madam ce ta bi mini hanya har aka ba ni takardar komawa gida. Ranar da zan tafi na tsaya ina kallon farar rigarta a rataye, na ce a raina, Allah, ina da yarinya a Tsauni. Ban faɗa wa kowa ba. Na dawo na kama gyaɗa, na murza, na soya, na kai ki lakwal, na hana a cire ki. Ga shi yau garin da na share wa farmasi ya aiko da takarda yana kiran 'yata ta zo ta koyi haɗa magani. In wannan ba nasara ba ce, ban san me ake kira nasara ba.

Saura kuskure na ƙarshe, wanda ya fi duka girma. Shi ba a ƙasar Larabawa na yi shi ba, a tsakar gidanmu na yi shi, kuma ke na yi wa.

Da na tsinci kwalbar nan na zauna a bakin gado ina tambayar kaina wa ya koya miki. Na zagi masu sayarwa, na zagi hotunan waya, na zagi 'yan ajinku. Can sai na tuna ranar sunan ɗan Goggo Asabe. Kina da shekara goma sha uku, kina tsaye riƙe da tiren shinkafa. Hadiza 'yar Goggon ta shigo da sabon ɗinki, ni da bakina na ce a gaban mata, "Tubarkalla, fara tas! Wannan ai ba za ta daɗe a gida ba." Na ga kin sunkuya kin dubi damtsenki. Na gani da idona. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ke, kai tiren nan ciki." Ni mai tabo a kumatu, ni da na san inda hanyar nan take ƙarewa.

Ba sau ɗaya ba ne. Na yabi 'ya'yan maƙwabta, na yabi 'ya'yan dangi, ke ban taɓa ba, wai kunyar 'yar fari. Ranar da sakamakon bak ya fito unguwa ta cika da guɗa, kin shigo da gudu kin durƙusa a gabana, na ce "to, madalla" na ci gaba da juya gyaɗa. Ba ki san da kika fita na zagaya bayan rumbu na yi rawa ni kaɗai har zanina ya kwance ba. Me rawar bayan rumbu ta amfana miki? Kin girma a gidan da ake yabon fara da ƙarfi, ake son baƙa a ɓoye. Sai kika ji za ki garin farare, kika je kika sayo abin da kike zaton zai tsare ki. Ni na aike ki, ko da ban ba ki kuɗin ba. Ki yafe mini.

Kunya abu ne mai kyau, da ita aka rene ni, kuma ba zan fara kiranki a tsakar gida mata suna ji ba, kada ki sa rai. Amma na tsaya a ƙasar mutane gaban namiji mai kwat na ce a kira ni da sunana, alhali shekara goma sha tara ban kira naki ba. Ba zan bari ki shiga garin da za a jefe ki da wancan suna ba, ba tare da kin ji naki daga wurina ba.

Ramatu.

Ke kyakkyawa ce, Ramatu. Tun ranar da ungozoma ta miƙo mini ke, baƙa sumul kina ƙyalli, na kau da kai don tsofaffi suna kallo, amma na riga na gani. Launin mahaifinki ne, kuma saboda shi na aure shi, in ba ki sani ba yau kin sani. Ki shafa man kaɗen nan safe da yamma, sanyin bakin teku yana busar da fata. Ki fita da fuskar da Allah ya ba ki, ki bi tsakiyar babban titi, ki zauna a layin gaba a aji.

A gefen akwatin akwai ƙullin ƙuli-ƙuli daban, na ɗaure shi da jan zare, ba naki ba ne, kada ki taɓa. In kin huta ki nemi farmasi mai koren tambari kusa da gidan burodi, a titin da ke gangarawa tashar bas. Ban sani ba ko tana raye. In kin same ta ki ba ta, ki ce 'yar Habsu mai shara ce ta zo karatun farar riga. In ba ki same ta ba, ki yi mata addu'a, ki raba wa 'yan ɗakinku.

Allah ya tsare ki a titi da lungu, a aji da ɗaki, ya kau da idon mugu daga kanki, ya ba ki abin da kika je nema, ya dawo mini da ke lafiya kalar da kika tafi. Kaka tana gaishe ki, ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka, Ramatu. Ga shi na faɗa har sau uku, kuma rufin ɗaki bai faɗo mini ba.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Habsu